Saje Rampendahl da Bindigar Zomaye

Duk wanda zai lissafa manyan mutanen da ƙasar Jamus ta haifa, bai kamata ya wuce garinmu Krummelsheim da hula a kansa ba. A nan Allah ya ajiye Saje Gottlob Rampendahl, shugaban 'yan sandan gari, wanda kuma shi ne mataimakin kansa, shi ne sauran rundunar baki ɗaya. Idan ya fito da safe, gashin bakinsa ne ke fara karyo kwana, sai tumbi ya biyo baya, can daga baya sai shi kansa ya iso. Shekara shida ke nan da aka gama babban yaƙi, sarki ya bar ƙasa, gwamnati ta canja wa kowa kaki, amma Saje bai yarda ya rabu da hular kwanonsa mai tsinke a ka ba. Ya ce ba a aiko masa da umarnin cire ta da sunansa ba. Wannan kam zan iya yi masa shaida, domin ni ne mai raba wasiƙun garin, shekara ashirin da biyu, kuma ban taɓa kai masa irin wannan takarda ba.

Jarumi ne, kada wani ya ce ba haka ba. Shekara huɗu cur ya yi yana gadin wani sito na bargunan dawaki, tafiyar kwana biyu a jirgin ƙasa daga inda ake jin ƙarar igwa, kuma har aka gama yaƙin babu bargo ko ɗaya da ya faɗa hannun abokan gaba. Mutanen gari, da yake ba su iya ganin alheri su yi shiru ba, sai suka sa masa suna Janar Bargo. Wasu kuma suna ce masa Mai Gefe Ɗaya, saboda ba ya zama a kujera sai da ɓangaren hagu, na daman yana rataye a iska.

Kowane babban mutum yana da abu guda da ya tsaya a kai. Na Saje shi ne bindigar farauta mai baki biyu, wadda ke watsa ƙananan ƙwayoyin dalma. A ƙarshen yaƙi gwamnatinmu ta aika wa Amurkawa takardar ƙorafi, cewa sojojinsu suna shiga ramukan yaƙi da irin wannan bindiga, abin da ya saɓa wa ladabin kisa. Mu da muka yi shekaru muna aika wa jama'a hayaƙi mai guba, ranmu ya ɓaci ƙwarai da wannan rashin tarbiyya. Saje ya yanko labarin daga jarida, ya sa shi cikin gilashi, ya rataye a bangon mashayar Jan Barewa daidai saman kujerarsa. Da an yi la'asar sakaliya, an kawo masa kofinsa, sai ya buɗe makaranta.

"Ku saurara da kyau, domin ba kullum za ku same ni ba," haka yake farawa, alhali kullum muna samunsa. "Bajamushe mai kaki yana harbi da harsashi ɗaya, ga mutum ɗaya, wanda ya zaɓa da idonsa. Wannan shi ne mutunci. Amma ka ɗauki abin da ke watsa dalma ko'ina kamar mace na watsa wa kaji tsaba? Wannan bindigar zomaye ce. Ta manoma ce da masu yawon daji. Ranar da mai kakin Jamus ya saɓa ta a kafaɗa, ranar ku haƙa rami ku binne ni, domin ƙasar ta riga ni mutuwa."

Sai ya gyara zama a gefen hagu, ya ɗan yamutsa fuska, ya nuna bayansa da babban yatsa.

"Ni da kuke gani, na ɗanɗana ta. Amurkawa. Ta baya suka zo, kamar yadda suka saba."

Mu kuma sai mu kaɗa kai cikin jimami. Babu wanda ya taɓa tambayarsa yadda Amurkawa suka gano siton bargo. Babu kuma wanda ya tuna masa cewa ranar ɗaurin aurensa, shekara goma sha biyar kafin yaƙin, a gefe ɗaya ya zauna a coci. Duk wanda ya haura hamsin a garin nan ya san cewa wata kaka, lokacin Gottlob yana saurayi ɗan shekara goma sha takwas, an ga wani mai kama da shi yana tsallake katangar gonar inabi da hula cike, kuma mai gadin tudun gonakin inabi, Baltasar Nuss, ya raka shi da baki ɗaya na bindigarsa. Likita ya ciro abin da ya iya cirowa. Ƙwaya uku suka ƙi fita, suna nan har yau suna cin albashin gwamnati tare da shi.

Baltasar ɗin yana nan da ransa, shekara saba'in da biyu, kunne ɗaya ya mutu, kuma har yanzu shi ne mai gadin tudu. Da inabi ya fara nuna, magajin gari yakan rufe tudun. A kafa sanduna masu damin ciyawa a ka a bakin kowace hanya, daga nan kuma babu mai wuce su har ranar yankan inabi, ko da mai gona ne, sai ma'aikacin hukuma da ke sanye da kayan aiki. Baltasar yana da hula mai tambarin gari, da ita yake shiga. Aikinsa ɗaya ne: baƙaƙen tsuntsayen nan na kaka da ke tasowa daga daji dubu-dubu, idan suka doso sai ya saki baki ɗaya a sama, su watse. Tsuntsayen sun san shi, sun san bindigar, kakanninsu ma sun santa. Yawanci ɗaga ta kawai yake yi su juya.

To, a kakar da nake ba ku labari, saura kwana goma a yanka inabi, Saje ya tsaya a gindin tudu ya ƙura wa tsohon ido, sai Allah ya buɗe masa basira. Hula mai tambari ai kaki ce. Mai kaki kuwa ga shi da bindigar zomaye a kafaɗa, da rana tsaka, a ƙasar Jamus, a ƙarƙashin ikonsa. Shekara talatin da biyu yana neman hanyar da zai kai hannu ga wannan bindiga, ashe hanyar tana bisa kan mai ita.

"Baltasar Nuss, da sunan hukuma, miƙo makamin nan."

"Me ya ce?" in ji tsohon, ya juyo da kunnen da ke aiki.

"Na ce kana zubar da mutuncin ƙasa. Mai tambari ba ya riƙe wannan abu."

"To sai in cire hular, Gottlob, ai ba a manne take ba."

"Saje za ka ce. Idan ka cire hula ka zama farar hula, farar hula kuwa ba ya wuce damin ciyawa. Doka ce."

"Da hula ba bindiga, ba hula ba shiga. To tsuntsayen fa, wa zai gaya musu?"

"Wannan ya zama aikin 'yan sanda."

Ya karɓe bindigar da yatsa biyu, ya kai ta ofis ya kulle a kabad, ya zauna ya rubuta wa Sufeton gunduma wasiƙa shafi huɗu, yana roƙon a zo a ga irin ɓarnar da ya toshe. Ni na kai ta tasha. Washegari ya rubuta wata don tabbatar da cewa ta farko ta isa.

Wadda abin ya faɗa wa a ka ita ce Gwaggo Walburga Hecht. Mijinta ya tafi yaƙin gaske, ba na bargo ba, bai kuma dawo ba. Abin da ya bar mata shi ne gida ɗaki biyu da 'yar gona layi goma sha huɗu a can ƙololuwar tudu, gab da bakin daji, inda tsuntsaye ke fara karyawa kafin su gangaro wa sauran jama'a. Da wannan gona take ci daga kaka zuwa kaka. Bara ƙanƙara ta kashe mata rabi. Idan na bana ya tafi, sai dai ta rufe gidan ta koma birni wajen ƙanwarta, wadda ba sa ga maciji da juna tun suna 'yan mata, ta ƙare rayuwarta tana fere dankali a ɗakin girkin wata. Na tarar da ita a ƙofar gida ta kafe tudun da ido, tana kallon baƙin girgijen yana sauka a kan layukanta, ba ta da ikon taka ƙafa can. Ban ɓoye muku ba, ranar na ji haushin Saje har cikin ƙashina.

Shi kuwa ya shiga yaƙi gadan-gadan, bisa ƙa'ida. Rana ta farko ya liƙa sanarwa a jikin bishiyar bakin daji, yana ba duk wanda abin ya shafa awa ashirin da huɗu ya fice daga yankin. Da aka yi masa dariya a mashaya, ya ce shi ba wa tsuntsaye ya rubuta ba, wa tarihi ya rubuta, kada gobe a ce Jamus ta kai hari ba gargaɗi. Waɗanda abin ya shafa suka karanta sanarwar daga sama, suka bar sa hannunsu fari-fari a kanta.

Rana ta biyu ya hau da doguwar bindigar soja da harsashi bakwai da gwamnati ta ba shi na shekara. Harsashi ɗaya, tsuntsu ɗaya, wanda ya zaɓa da idonsa. Matsalar ita ce kafin ya gama zaɓa, wanda ya zaɓa ya ƙoshi ya tafi. Shida suka shiga sama ba su dawo da labari ba. Na bakwai ya samu zakaran ƙarfen da ke kan hasumiyar coci, ya cire masa wutsiya, tun daga ranar zakaran yake nuna gabas ko daga ina iska ta taso. Saje ya rubuta a rahotonsa cewa an kashe ɗaya daga cikin masu fuka-fuki.

Rana ta uku ya zare takobi ya afka cikin layukan Gwaggo Walburga yana ihun umarni. Tsuntsaye suka ɗaga kamu ɗaya, suka bari ya wuce, suka sauka a bayansa. Kurangar inabi biyu ce ba ta iya tashi ba, ita ya sare.

Da yammar ranar Gwaggo ta saka rigarta ta zuwa coci, ta zo Jan Barewa, inda mata ba su cika shiga ba. Na zaci da ludayi za ta fasa masa hular kwano. Sai ga ta ta rusuna, murya kamar zuma.

"Yallaɓai, na zo godiya ne. Ina ƙasa ina kallo. Ka san lokacin da suka fi tsorata?"

"Lokacin da na zare takobi."

"A'a, ranka ya daɗe. Lokacin da ka tsaya kana mayar da numfashi. Rana ta haska hular nan da maɓallan kakinka, wallahi babu wanda ya sauka. Kwarjini ne, ba a saya a kasuwa. Mutum irinka ai bai kamata ya yi ta gudu bayan tsuntsu ba. Tsayawa kawai za ka yi su gan ka."

Saje ya murza gashin baki, ya dubi jama'a ɗaya bayan ɗaya don ya tabbata kowa ya ji.

"Abin da nake shirin yi ke nan tun farko," in ji shi. "Kwana ukun nan ina auna ƙarfin abokin gaba ne."

Abin mamaki, dabarar ta ci. Washegari ya hau da kakinsa a goge, lambobinsa biyu na gadin bargo suna walƙiya, ya tsaya ƙiƙam a tsakiyar layi na bakwai, hannu ɗaya a ƙugu. Tsuntsaye suka yi ta kewaya a sama, ba su taɓa ganin abu mai faɗi haka yana ƙyalli ba. Garin duka ya fito yana kallon shugaban 'yan sandansa yana aikin da sanda biyu da tsohuwar riga suke yi wa sauran ƙauyuka kyauta, kuma babu wanda ya ce uffan, domin kowa yana da gona a tudun.

Sai dai babban mutum yana da babban ciki. Da ƙararrawar coci ta buga sha biyu, ko duniya na tashi Saje zai gangara gida, inda matarsa ta dafa dankali da kabeji mai tsami da tsiran nama. Bayan abinci kuma sai ya kishingiɗa zuwa ƙarfe biyu yana nazarin dabarun yaƙi da ido rufe. Kwana biyu kacal tsuntsayen suka yi suka koyi agogo. Da ƙararrawa ta buga, shi yana sauka, su suna sauka. Ga shi kuma Baltasar, da yake zagayawa da hularsa hannu rabbana, ya lura cewa inabin layi na bakwai yana raguwa daidai tsawon hannun mutum, hagu da dama, kuma tsuntsun da ke cinsa yana tofar da ƙwallo a tsibi guda. Saje ya ce binciken ɓarna yake yi.

Saura kwana huɗu, layi uku sun tafi, Gwaggo ta sake saka rigar coci.

"Yallaɓai, ba zan hana ka cin abinci ba, ƙasa tana bukatar ƙarfinka. Amma idan za ka sauko, ka bar mana kakin da hular a can. Kai ka huta, mutuncin hukuma ya ci gaba da tsaro."

Wannan magana ta shige shi sosai, har ya maimaita ta a mashaya a matsayin tasa. Washegari da sha biyu ya tuɓe kaki da hula ya rataye a turke, ya gangaro da 'yar shara da igiyar wando, ta bayan gari don kada a gan shi. Yana ɓacewa Baltasar ya hau da wani ƙaton damin ciyawa da Gwaggo ta miƙa masa a bakin iyaka. Ya cusa ciyawa a kakin har maɓallai suka yi ƙara kamar yadda suka saba. Ya ɗora kabewa a sama, ya liƙa mata gashin wutsiyar doki, ya kifa hular kwano. A tsakiyar damin kuwa akwai tsohuwar bindigar farautar marigayi mijin Gwaggo, baki biyu, ta yi tsatsa, kunamarta ma ta karye. Baltasar ya rantse shi dami ya ɗauka, abin da ke cikin dami bai shafe shi ba. Ya ɗaure ta a kafaɗar kakin, bakinta yana kallon daji. Tsuntsayen da suka taso da jin ƙararrawa suka hango abin da kakanninsu suka yi musu gargaɗi a kai, suka yi kwana tun daga nesa. Kafin ƙarfe biyu tsohon ya kwance komai ya mayar da kaki kan turke. Saje ya dawo ya ga ko ƙwaya ba a taɓa ba, ya ce ko inuwarsa ta ishe su.

A rana ta biyu ta wannan tsari, jirgin sha biyu da kwata ya sauke buhun wasiƙuna, ya kuma sauke wani siririn mutum mai tabarau, rataye da akwatin ɗaukar hoto. Sufeto Tiefenbach ne daga gunduma. Wasiƙu tara na Saje sun taru a teburinsa, ya ce gara ya zo ya ga mai rubuta su da idonsa, kuma dole ya koma da jirgin ɗaya da rabi. Ya tambaye ni ina zai samu Saje Rampendahl. Na ce masa kakinsa dai yana kan tudu. Ban yi ƙarya ba.

Muka hau har bakin damin ciyawa. Nan Sufeto ya ja birki, domin da kayan gida ya zo, kuma shi mutum ne mai bin doka ko ba kowa a wurin. Tsakaninmu da layi na bakwai kamar taku ɗari da hamsin ne, a sama. Ga Saje can tsaye, rana na dukansa, ciki gaba, hula na walƙiya.

"Saje Rampendahl," Sufeto ya ɗaga murya, "kada ka sauko. Kada ka bar wurin aikinka saboda ni."

Saje bai sauko ba.

Sufeto ya yi masa bayani a kan sabon tsarin 'yan sanda, da muhimmancin kusantar talakawa, da illar yawan rubuce-rubuce. Minti ashirin yana magana. Can iska ta ɗan taso ta ɗaga hannun kakin na dama, ta mayar. Sufeto ya ƙame ya mayar da gaisuwa. Da ya juyo wajena, idonsa ya kawo ruwa.

"Shekara tara ina zagaya ƙauyukan nan, malam, ban taɓa samun sajen da ya saurare ni har na kai aya ba. Daga wasiƙunsa na ɗauka wani sakarai ne mai surutu. Dubi yadda ya tsaya, ko ƙuda bai kora ba. Wancan abin da ke kafaɗarsa fa?"

"Bindigar farauta ce, ranka ya daɗe, mai baki biyu."

"Shi da ya rubuta mini shafi talatin yana zaginta? Ka ga namiji. Ya ga abincin talakawa zai salwanta, ya haɗiye girman kansa ya ɗauki abin da zai yi aiki. Wannan gonar ta wace ce?"

"Ta wata gwauruwa ce, mijinta ya mutu a yaƙi."

Ai sai ya kafa akwatinsa a kan ƙafafu uku, ya shige cikin baƙin ƙyalle. Ni kuwa aikina kai saƙo ne, ba gyara shi ba. Na raka shi tasha, muka wuce ta ƙofar gidan Saje, inda minshari ke fitowa ta taga. Sufeto ya ce a ƙauye ma akwai malalata.

Aka yanka inabi ranar da aka sa. Gwaggo Walburga ta sami layi goma cif, da abin da ya tsira daga bincike a layi na bakwai. Bai kai na shekarar albarka ba, amma ya isa ta ci har wata kakar a ɗakinta, ta fere dankalin kanta. Na ga ta zauna a kan kwandon ƙarshe tana kuka tana dariya, ni ma sai da na juya baya na gyara jakata.

Bayan mako biyu na shigo Jan Barewa da la'asar ɗauke da abu biyu: ƙaramin akwati mai hatimin gunduma, da jaridar mako. Mashaya ta cika, domin na ɗan biya ta wasu gidaje a hanya, har Gwaggo da Baltasar suna nan. Saje ya buɗe akwatin, sai ga lambar yabo ta azurfa, ta gaske, irin wadda ya yi shekara talatin yana mafarki. Ya miƙe tsaye. Sannan ya buɗe jaridar. A shafin farko ga shi nan a kan tudu, ƙato, gwanin sha'awa, kuma a ƙasa an rubuta da manyan baƙaƙe cewa wannan shi ne ɗan sandan Jamus na farko da ya saɓa bindigar farauta a bakin aiki don ceton gonar gwauruwa. Matarsa, da ta leƙo ta kafaɗarsa, ta ce tunda suka yi aure bai taɓa yin kyau a hoto kamar wannan ba.

Ya dubi hoton, ya dubi lambar, ya ɗaga kai ya dubi tsohon labarin da ke cikin gilashi a bango. Fuskarsa ta yi ja, ta yi fari, ta koma ja. Kowa a mashaya ya zuba masa ido.

"Yallaɓai," in ji Gwaggo a hankali, "idan abin ya ɓata maka suna, ba komai. Ga mai wasiƙu nan, sai in rubuta musu gaskiya, in ce kabewa ce da ciyawa, kai kana gida kana barci. Sai su aiko a karɓi lambar a ba kabewar. Tana nan ma ban dafa ta ba."

Saje ya damƙe akwatin a ƙirji. Ya yi gyaran murya sau biyu.

"Ku saurara da kyau, domin ba kullum za ku same ni ba. Da yawa a cikinku ba su fahimci koyarwata ba, kuma ban yi mamaki ba. Abin da na daɗe ina faɗa shi ne, bindigar farauta a hannun Ba'amurke dabbanci ce. A kafaɗar Bajamushe mai horo kuwa, makami ne na mutunci. Ni na fara, tarihi ya gani. Baltasar, gobe ka zo ofis ka karɓi taka, na ba ka izini. Babu wanda ya san wannan makami a ƙasar nan kamar ni."

Tsohon ya juyo da kunnen da ke aiki, aka maimaita masa. Ya kaɗa kai.

"Wannan gaskiya ne, Gottlob. Ni shaida ne, ina bayanka lokacin da kuka fara sanin juna."

Saje ya zauna a gefen hagu. Kafin a rufe mashaya ya sauke tsohon gilashin daga bango, ya sa sabon hoton a ciki.

Da kaka ta sake zagayowa, majalisar gari ta zauna ta yanke shawara baki ɗaya cewa tudun ba zai iya rabuwa da kwarjinin Saje ba, amma ba daidai ba ne a wahalar da mai lambar azurfa a rana. Don haka duk shekara, da an kafa damin ciyawa, sai a karɓi kakin da hular da lambar a kai su layi na bakwai, a nemo kabewa mai cikar fuska, a ɗaura mata bindiga. Da yake kaki ɗaya gare shi, kuma ba ya fita ba kaki, Saje yakan zauna a gida mako uku da 'yar shara. Wanda ke kan tudu ba ya zuwa cin abinci, ba ya bincike, ba ya rubuta wa kowa wasiƙa. Makonni ukun nan ne kaɗai a shekara da mutanen Krummelsheim suke cin moriyar 'yan sanda.